Kafin Mu Zuba Jarinmu a Kwalbar Kanumfari



Hajiya Shugaba, Uwar Ƙungiya, Ma'aji da Sakatariya, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu, da mazajenmu da suka bar aikin fadama suka zo suka zauna mana a bayan rumfa, muna yi wa kowa barka da zuwa, barka da ganin zagayowar wannan rana. Allah ya maimaita mana.

Mu dai 'yan kasuwa ne, kuma karatunmu na girma ne, sai da 'ya'yanmu suka isa aure muka riƙe fensir. To amma tunda kwamiti ya ɗora mana aiki, ya ce mu je mu tambayo mu kawo bayani a gaban kowa, ba za mu ƙi ba. Maganar ita ce wadda ta raba kan taronmu gida biyu tun bayan salla: ko za mu ɗebi kuɗi daga asusu mu ƙara sabuwar sana'a a kan sabulun ruwa da turaren wuta da man shafawa da muke yi, wato ruwan goge ɗaki da banɗaki na man kanumfari da man ganyen turare. 'Yan uwanmu da suka kawo shawarar sun ji a waya ana cewa irin wannan mai yana kashe ƙwayoyin cutar da suka gagari maganin asibiti. Suka ce in muka rubuta haka a jikin kwalba, kafin azahar an wawashe kayan a kasuwar Gujungu. A kan wawaso kam gaskiyarsu ne, mu da muke zaman rumfa mun san abin da ke jawo mai saye. Abin da muka je nema shi ne ko rubutun zai zama gaskiya. Kuɗin da ke asusun nan kun san yadda ya taru, wata ƙuli ta soya, wata surfe ta yi, wata kitso.

Mun zauna da ma'aikaciyar lafiya har sau biyu. Mun zauna da 'yar ɗaya daga cikinmu mai karatun ƙananan halittu a Jami'ar Tarayya ta Dutse. Malamarmu kuma ta kawo takardu aji, muka bi su baƙi da wasali, inda ya yi tsauri ta warware mana.

Cutar da ta gagari magani akwai ta. Ƙwayoyin da ake kira bakteriya halittu ne ƙanana, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Su ne ke kawo maruru, da gyambon da ya ƙi warkewa, da taifot, da amai da gudawa, da zazzaɓin nan da ke kama mai jego kwana biyu ko uku bayan ta sauka. Maganinsu shi ne wanda muke haɗawa mu kira kafso, ko da ƙwaya ce ko na ruwa ko allura: su Amoxil da Ampiclox da Septrin da Flagyl da ja-da-yalo. Likitoci suna ce musu antibayotik. Yarinyar nan ta jami'a ta yi mana misali da abin da muka sani. Ta ce kowane irin magani kamar makulli ne da aka yanka wa kwaɗo guda. In ya shiga ya buɗe, ƙwayar ta mutu. To su ƙwayoyin nan hayayyafarsu ba irin tamu ba ce, wasunsu in sun sami wuri mai daɗi, cikin minti 20 ɗaya ta zama biyu. A cikin miliyoyi ba a rasa 'yan kaɗan da suka zo da kwaɗo na daban. In magani ya shiga jiki bai kai adadin da ya kamata ba, ko an sha shi ba a kan dalili ba, raunanan su mutu, masu taurin kan su saura, gida ya zama nasu su kaɗai. Har suna iya miƙa wa maƙwabtansu wannan taurin kai, kamar yadda mace ke miƙa wa maƙwabciyarta irin kuɓewa ta kan katanga.

Yadda ake kaiwa nan kuwa, kowa ya gani a kasuwa. Ga mai tallan magani da tire a ka, rana na dukan kayansa tun hantsi har la'asar. Mutum ya ce a ba shi na iya kuɗinsa, a yanko masa ƙwaya 3 daga kati, ya sha, jiki ya ɗan yi sauƙi, shi ke nan. Mura a sha kafso, alhali mura ba bakteriya ke kawo ta ba, kafson banza ya tafi. A fasa ja-da-yalo a barbaɗa a ciwo, a zuba wa kaji a ruwan sha in hunturu ya shigo. Jariri ya zo duniya lafiya lau, tun kafin suna a fara ɗiga masa Ampiclox wai don wanke ciki. Ba wanda ke yin wannan don mugunta, rashin kuɗi ne da nisan asibiti, mun sani. Amma ƙwayar cuta ba ruwanta da dalilinka. Mutumin da ya gano penisilin a Landan a 1928, Alexander Fleming, shi da bakinsa ya yi gargaɗi a 1945, a jawabinsa na karɓar lambar yabo ta Nobel, cewa in maganin ya zama kowa na saye a kanti yana shan abin da bai kai ba, ƙwayoyin za su saba da shi. Ba a yi shekara 20 ba, a 1961, aka ga wani nau'in ƙwayar maruru a Ingila da ya bijire wa sabon maganin da aka yi dominsa. Shi ne ake kira MRSA, kuma yanzu ya bazu a duniya.

Ga lissafin da muka karanta a aji, sai da malama ta sa muka rubuta sifirin a allo don mu ga yawansu. Wani babban bincike da aka fitar a mujallar likitoci ta Lancet a farkon 2022 ya ce a shekarar 2019 kaɗai, mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka bijire wa magani. Kuma in aka auna da yawan jama'a, yankin da ya fi kowane shan wuya shi ne namu, Afirka ta Yamma. A Najeriya an ƙiyasta mutum 64,500 a wannan shekara. Shi ya sa hukumar NCDC ta fitar da tsarin yaƙi da matsalar tun 2017, kuma duk shekara daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba za ku ji ana ta maganarta a rediyo.

Mu matan Miga abin ya fi shafa, in kun duba. In naƙuda ta yi gardama, Jahun ake nufa da mu, inda likitocin ƙungiyar MSF ke aikin haihuwa da na yoyon fitsari tun 2008. In an yi wa mace tiyata an ciro ɗa, abin da ke tsare ɗinkin nan daga ruɓewa shi ne tsafta da waɗannan magunguna. Ranar da suka daina ci, aikin likita ya tafi daidai amma mai jego ta koma ciwo, a canza mata magani mai tsada, a sake canzawa, akuya ta tafi, buhun shinkafa ya bi ta. Ga ambaliya kuma. Kun tuna 2022, da kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, ruwan masai da na rijiya suka zama ɗaya. Kafin nan, a 2021, amai da gudawa ya kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Don haka 'yan uwanmu da suka kawo shawarar nan ba wasa suke ba, sun ga buƙata ce a gidajenmu.

To yanzu ga man. Abin da muka fara koya, mai iri biyu ne, kuma mu a kasuwa muna haɗa su a suna ɗaya. Akwai man matsa, irin na gyaɗa da na riɗi da na 'ya'yan darbejiya, wanda in ya ɗiga a takarda tabonsa yana nan har gobe. Akwai kuma man tururi, shi ne ake magana a kai. Shi ba a matsa shi. Ana cika tukunya da ganye ko fure, a bar tururin ruwa ya ratsa ta ciki, tururin ya ɗauko ƙamshin ya bi ta wani bututu da aka nutsa a ruwan sanyi, ya koma ruwa, sai a ware ɗan man da ya fito tare da shi. Irin wannan in ya ɗiga a takarda, yawanci bayan ɗan lokaci ya bi iska ya tafi. Kanumfari yana da arzikin mai, kilo 100 na iya ba da kilo 15 ko fiye. Ganyen bishiyar turare kuwa, wadda wasu ke kira zaiti, irin wadda aka jera tare da darbejiya a shingayen kare hamada, sai ka tara kilo 100 kafin ka ga lita 1 ko 2. Ɗoɗɗoya ma haka, ko ƙasa da haka.

Ƙarfi kuwa yana da shi, ba mu zo mu kushe kayan kakanninmu ba. Iyayenmu da ke danna kanumfari a kogon haƙori sun san abin da suke yi. Akwai wani sinadari a ciki mai suna yujinol, shi ne mafi yawan man kanumfari, kuma har yau likitocin haƙori suna amfani da shi a ƙullun da suke cike haƙori. Tayim ɗin da muke zubawa a dafa-duka yana da nasa sinadarin, taimol, wanda ke cikin ruwan kurkurar baki na Listerine tare da na ganyen turare da na na'a-na'a. A Amurka har akwai ruwan goge wuri da aka yi da taimol, hukuma ta gwada ta yi masa rajista. A nan gida malaman haɗa magunguna na Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife sun daɗe suna aiki a kan man ɗoɗɗoya, haka a Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya an sha gwada itatuwanmu a kan ƙwayoyin cuta. Kuma yadda man ke aiki daban ne da na kafso. Shi ba ya neman kwaɗo. Fatar ƙwayar yake ratsawa ya huda ta wuri da yawa, kamar akuya ta sami tsohuwar zana, abin da ke ciki ya tsiyaye. Shi ya sa ƙwayar da ta canza kwaɗonta don kauce wa kafso, sau da yawa man yana iya cin ta. Wannan shi ne tushen maganar da aka ji a waya, kuma iya nan gaskiya ce.

Sai dai ina aka ga ya ci? Nan ne muka daɗe muna tambaya. Yawancin gwajin a ɗan faranti ake yi a ɗakin gwaje-gwaje. A shuka ƙwayar a faranti mai tsafta, a ɗiga mata tsantsar mai da aka auna, a rufe, a bar su kwana guda ba iska ba ƙura, gobe a zo a ga ta mutu a kewayen ɗigon. Madalla. Amma daɓen ɗakin mai jego ba faranti ba ne, bakin masai ma haka. Akwai jini, akwai kashin yaro, akwai maiƙon miya, kuma duk waɗannan suna rage wa irin wannan mai ƙarfi kafin ya kai ga ƙwayar. Sannan ku da kanku kun sani, ruwa da mai ba sa haɗuwa. In aka ɗiga ɗigo 10 a bokiti, nan ya taru da yawa, can babu ko kaɗan, tsumma ya ɗebi ruwa zalla mai ƙamshi ya bi ɗaki da shi. Ga zafin garinmu, kafin ya zauna ya yi aiki ya bushe. Kuma akwai ƙwayoyin da ko a farantin ma ba sa jin sa sosai, musamman wata da ke sa mugunyar ciwo ta yi kore-kore, wadda ke addabar masu ƙuna.

An taɓa fitar da shi daga faranti aka kai shi jikin mutane, kuma wannan ya fi ba mu haske. A wani asibiti a Ingila, a binciken da aka buga a 2004, an ɗauki majinyata 224 masu ɗauke da MRSA a fata ko a hanci. Aka raba su biyu, kashi ɗaya aka yi musu da maganin asibiti da aka saba, ɗaya kashin da man wata bishiya ta ƙasar Ostareliya da suke kira bishiyar shayi, ko da yake ba ita ke ba da ganyen shayin da muke sha ba. Kwana 5 ana shafawa ana wanka. Da aka duba, maganin asibiti ya raba mutum 49 cikin 100 da ƙwayar, man bishiyar ya raba 41. A fata man ya yi rawar gani, a cikin hanci kuwa maganin asibiti ya yi masa nisa. Ku lura da abu biyu, iyayenmu. Man ya yi ƙoƙari, har ya ba mu mamaki. Amma mai ne tsantsa da aka san asalinsa, aka auna shi kashi 10 cikin 100 a man shafawa, kashi 5 a sabulun wanka, ma'aikatan jinya na tsaye a kai, kuma duk da haka bai kai rabi ba. To ina ga namu da za a haɗa a baho da ludayi?

Sai maganar da ta fi kusa da sana'armu, wato abin da ke cikin kwalbar da za mu saro. Kanumfari ba ya fita a Jigawa, daga Zanzibar da Madagaska da Indonesiya ake kawo shi, ya biyo teku ya biyo mota kafin ya iso kasuwar Kurmi a Kano. Tatar mansa aiki ne da wuta da lokaci. In ka ga an cika maka kwalba fal da kuɗin da bai sayi gwangwanin busasshen kanumfari ba, ai ba sai an kira malami ya yi maka lissafi ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Da yawa daga abin da ke yawo ƙamshin haɗi ne irin na humra, aka tsinka shi da farin mai. Don turare ba laifi, hanci ake nema kuma hanci ya samu. Don kashe cuta kuwa, hanci ba shi da labari. Mu da muke gane algus a man gyaɗa da ɗanɗano, muke gane garin barkono da aka cuɗa da dusa, a nan ba mu da abin aunawa, sai na'urar ɗakin gwaje-gwaje.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne gidan da kwalbar za ta shiga. Mun san halin gidajenmu. In an rubuta abu yana kashe cutar da ta gagari asibiti, ba a daɓe zai tsaya ba. Wata za ta ɗiga a gyambo. Wata za ta ɗiga a kunnen yaro. Wata kaka, da kyakkyawar niyya, za ta shafa a cibiyar jikanta. Tsantsar man kanumfari yana ƙona fata, in yaro ya kurɓa yana iya taɓa hanta. Man ganyen turare ɗan kaɗan ya isa ya sa ƙaramin yaro jijjiga ko suma. Man darbejiya da wasu ke ɗura wa jarirai, likitoci a Indiya da Malesiya sun rubuta yadda ya jawo wa yara amai da jijjiga, wasu har suka rasu. Ma'aikaciyar lafiya ta ƙara mana da kafur ɗin da ake sa wa a akwatin kayan jariri don ƙamshi da korar kyankyaso. Ta ce akwai jariran da jininsu ba ya jure shi, ya jawo musu shawara mai tsanani, idanu su yi rawaya, in ba a yi sauri ba ta hau ƙwaƙwalwa. Ita cibiya tana da nata man na asibiti, kuloheksidin, wanda jihar Sakkwato ta fara rabawa a gidaje tun 2013 kafin ya bazu a ƙasa. Shi kaɗai za a shafa, da wankakken hannu, ba man goge baki ba, ba man zafi ba, ba toka ba, kuma a kiyaye kada ya kusanci ido. Ungozomomin da ke cikinmu, ku ne 'yan saƙonmu a kan wannan.

Tunda mun zo nan, bari mu ɗan ratse. Sodar da muke haɗa sabulu da ita, in an jiƙa ta fara ce tas kamar ruwan sha. Don Allah kada wadda ta sake zuba ta a robar lemo ko gorar ruwa, ko da na minti ɗaya ne. Yaron da ya kurɓi soda, maƙogwaronsa ne ke ƙonewa ya tsuke, wasu sai an yi shekaru ana fama. A ajiye a jarka mai murfi, a rubuta suna, ai yanzu mun iya rubutu, a ɗora a sama.

To me za a goge wuri da shi in abin ya zama na gaske, jinin haihuwa ko majinyaci a ɗaki? Amsar da muka samo ba ta da ƙamshi, kuma ba mu za mu ci ribarta ba. Bilic ne, irin su Hypo da Jik, wanda ke kowane kanti. A duba jikin robar, yawanci za a ga an rubuta 3.5%. In haka ne, don goge daɓe da bakin masai da fo ɗin yara, cokali 2 na cin abinci a lita 1 ta ruwa. Don wurin da jini ya zuba, awo 1 na bilic a awo 6 na ruwa, a bar shi ya kwanta kamar minti 10 kafin a goge. Amma sai an fara kwashe dattin an wanke da sabulu, domin shi ma bilic datti yana cinye ƙarfinsa. A haɗa na yau a yau, ba a ajiye na jiya. Kada a gauraya shi da Izal ko ruwan wanke masai ko wani abu, iskar da ke tashi tana shaƙe mutum. In kuwa amai da gudawa ne, a fara ba da ruwan gishiri da sukari a kama hanyar asibiti, ma'aikata za su nuna haɗin da ya fi wannan ƙarfi.

Za ku ce to mun zo mun kashe wa ƙungiya kasuwa. A ganinmu kasuwar tana hannunmu tun tuni. Duk wanda muka tambaya, daga ma'aikaciyar lafiya har takardun malama, magana ɗaya suke komawa: sabulu da ruwa. Sabulu ba ya tambayar ƙwaya ko ta bijire wa kafso ko ba ta bijire ba, ɓamɓare ta yake daga hannu ruwa ya tafi da ita. A watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta daina bahaya a fili. Gida-gida an haƙa masai, an yi ƙoƙari. To ku zaga unguwa ku ƙirga, a bakin masai nawa za ku ga buta da sabulu a ajiye? Makarantun boko da na Islamiyya fa? Masu abinci a tasha? Wannan duk kasuwa ce, kuma kayan muna yin sa da hannunmu. In mun sami man kanumfari ko na ganyen turare na ƙwarai, mu ɗiga kaɗan a sabulun, ƙamshinsa zai sa yaro ya so wanke hannu, uwar gida ta dawo ta sake saye. A rubuta a jiki: sabulun wanke hannu mai ƙamshin kanumfari. Wannan rubutu za mu iya tsayawa a bayansa a gaban hakimi, a gaban likita, a gaban matar da ta saya.

Masu lasifika da ke cika mana kunne ranar kasuwa, maganinsu ɗaya yana warkar da sanyi da basir da taifot da rashin haihuwa, su yau suna Gujungu, gobe Shuwarin, jibi Maigatari, ba wanda ya san ƙofar gidansu. Mu a nan aka aurar da mu, a nan 'ya'yanmu ke zuwa makaranta. In kwalbarmu ta ƙona cibiyar jariri, ba sai an yi cigiya ba.

Ba kuma muna cewa a rufe ƙofar har abada ba. Kayan miyarmu sun taɓa zama magani na hukuma. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa maganin sikila mai suna Niprisan da kanumfari da masoro da karan dafi da wani itace, amma sai da aka yi shekaru ana aunawa ana gwadawa. Hanyar kenan. Duk abin da za a sayar da sunan yana kashe ƙwayoyin cuta, dole ya bi ta hannun NAFDAC, su ga wurin da ake haɗawa, su gwada, su ba da lamba. Suna da ofishi a Dutse, ba sai an je Legas tambaya ba. Ko sabulun namu ma, in muna son ya shiga manyan kantuna da makarantun gwamnati, lambar nan za a fara nema a jikinsa.

Don haka, Hajiya Shugaba, ga abin da muke roƙon taro ya ɗaga hannu a kai bayan an ci abinci. Kuɗin da aka so a saro man da shi, Ma'aji ta riƙe su tukuna. A ɗebi kaɗan a ba mutum biyu kuɗin mota su je ofishin NAFDAC su ji sharuɗan rajistar sabulun ruwa, su rubuto komai a littafi, da abin da za a kashe. Yarinyarmu ta jami'a ta ce za ta tambayi malamanta ko za su karɓi samfurin man su duba mana abin da ke ciki, in sun yarda sai mu ji nawa ne. Malama kuma ta amince darasin wata mai zuwa ya zama na karanta jikin kwalba da katin magani: inda ake ganin lamba, inda ake ganin ranar lalacewa, da abin da alamar nan ta % ke nufi. Wadda ba ta cikin aji ma ta zo, ta taho da duk maganin da ke ajiye a ɗakinta a leda, mu karanta tare.

Kwalabe ukun da muka saro don gwaji suna nan a kan tebur kusa da Sakatariya, kowace da farar takarda da muka ɗiga mata tun safe. Wadda ke son gani ta zo ta duba wace takarda ce ta bushe, wace ce ta bar tabon maiƙo. A shinshina daga nesa, kada a taɓa da yatsa, masu goyo kuma ku miƙa yaran tukuna.